Daga Yamai zuwa Jidda: awa nawa ne a sama, kuma wane agogo maniyyaci zai bi?

  

Duk shekara idan aka fara bitar maniyyata a masallatanmu, akwai tambayar da ba ta wuce mu: "Malam, awa nawa ne daga Yamai zuwa Makka?" Akan amsa ta a tsaitsaye, a ce biyar ko shida, a wuce zuwa ɗawafi da sa'ayi. Amsar ba ƙarya ba ce. Sai dai a cikin waɗannan awannin ne wasu ke rasa sallah biyu ba tare da sun ankara ba, kuma a cikinsu ne wasu ke ƙetare mikati da riga da hula, su fara aikin Hajji da bashin yanka a wuyansu. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi, wani ya sayar da shanu, wata ta sayar da fili, sai kuskuren lissafin minti goma ya shiga cikin ibadarsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna a kan wannan tambaya, mu warware ta dalla-dalla, domin maniyyata da ɗaliban da ke taimaka musu.

Abu na farko: babu filin jirgin sama a Makka. Jiragen alhazai suna sauka ne a Jidda, a filin jirgin Sarki Abdul'aziz, ko a Madina, a filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz. Daga filin jirgin Jidda zuwa Harami akwai kusan kilomita 100 a mota. Daga Madina zuwa Makka kuwa sama da kilomita 400 ne.

Nisan kansa

Idan aka ja zare a kan ƙwallon duniya daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa na Jidda, tsawonsa kusan kilomita 4,000 ne. Zuwa Madina kusan 4,100. Kewayen duniya gaba ɗaya kusan kilomita 40,000 ne, ke nan maniyyacin da ya tashi daga Yamai ya ci kashi ɗaya cikin goma na kewayen duniya kafin ya sauka. Wanda ya tashi daga Damagaram ko Agadas ya rage hanya, don nasa bai wuce kilomita 3,300 da ƴan kai ba. Daga Kano kusan 3,400 ne, daga Injamena kusan 2,800, ƴan uwanmu na Akara a Gana kuwa nasu ya kusa 4,600.

Ɗalibai kan ruɗe idan suka duba intanet suka ga lambobi uku daban-daban a kan hanya ɗaya: wani wuri 4,000, wani wuri 2,500, wani wuri 2,160. Duk abu ɗaya ake faɗa, ma'aunin ne ya bambanta. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne irin na Ingila da Amurka, kowane ɗaya kilomita 1.609. Na uku mil ne na teku, wanda matuƙan jiragen sama da na ruwa ke aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852. Kafin ka yi gardama da ɗan uwanka a kan lamba, ka duba ma'aunin da aka rubuta a gefenta.

Wannan zare da muka ce, idan aka bi shi, yana fita daga Yamai ya nufi gabas yana ɗan karkata arewa. Ya wuce kusa da Tawa, ya ratsa tsakanin Agadas da Damagaram, ya shiga hamadar arewacin Chadi ta wajen Faya, inda rabin tafiya yake, ya ƙetare arewacin Sudan da kogin Nilu, sannan ya tsallaka Bahar Maliya ya faɗa Jidda. Shi ne kuma kusan layin alƙiblarmu. Alƙiblar Yamai tana kan digiri 72 ne daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa da kamar digiri 18. Mu riƙe wannan, zai yi mana amfani idan muka zo batun sallah a cikin jirgi.

Kakanninmu sun san wannan nisa da ƙafafunsu. Hanyarsu ta fi ta zare yin kudu, saboda su ruwa da gari suke bi: Kano, Borno, Fort Lamy wadda ta koma Injamena, Abeche, Aljinaina, Alfashir, Ubayyid, Khartum, har Sawakin a bakin teku, sannan jirgin ruwa zuwa Jidda. Ayarin raƙuma na cin kilomita 30 zuwa 40 a yini. Ko da ba a huta ko kwana ɗaya ba, wata huɗu ke nan ko fiye, kuma ba wanda ya taɓa yin ta haka. Mutum ya tsaya ya yi noma a wani gari, ya yi ƙodago a wani, ya tara guzuri ya ƙara gaba, sai shekaru su shuɗe. Da yawa ba su dawo ba, su ne tushen garuruwan Hausawa da Fulani na Sudan, irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Askiya Muhammadu, da duk ƙarfin mulkinsa, ya bar Gao a 1496 bai dawo ba sai 1498. Abin da raƙumi ke ci a yini guda, jirgin yau yana cinye shi cikin minti biyu zuwa uku.

Me ya sa ba a faɗin lokaci guda tak

Babban jirgin fasinja, idan ya daidaita a sama, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Idan ka raba 4,000 da 850 za ka sami awa huɗu da minti arba'in da wani abu. Amma jirgi ba ya fara tafiya da wannan gudu. Akwai gangarawa a kan titin filin jirgi da jiran izinin tashi, akwai hawa sama wanda ke ɗaukar minti 20 zuwa 30, akwai saukowa da ke farawa kamar rabin awa kafin a taɓa ƙasa, a rage gudu. A lokacin jigilar alhazai ma jirgi kan yi shawagi yana jiran layi, saboda jirage daga ko'ina a duniya wuri ɗaya suka nufa. Idan aka haɗa duka, awa biyar zuwa biyar da rabi ne a hanya miƙaƙƙiya.

Sannan jirgi ba ya bin zaren nan sak. Sama ma tana da hanyoyi da aka shata, kuma kowace ƙasa tana da iko da sararinta. A Nijar da Chadi hukumar ASECNA ce ke kula da zirga-zirgar jirage, daga nan a miƙa jirgi ga masu kula da sararin Sudan, su kuma su miƙa shi ga na Jidda. Idan aka rufe wani yanki, dole a kewaya. Mun ga haka a fili tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023. An rufe sararin ƙasar ana dab da fara jigilar alhazan shekarar, jiragen yammacin Afirka suka koma zagaye, tafiya ta ƙaru da awanni, har kamfanonin da ke ɗaukar alhazan Najeriya suka nemi ƙarin kuɗi saboda man da za su ƙona. Jirgin da zai kauce wa Sudan, ko dai ya yi arewa ya ɓullo ta Masar, ko ya yi kudu ya ɓullo ta Habasha. Saboda haka wanda ya yi Hajji kafin 2023 ya ce maka awa biyar ya yi, wanda ya yi bayan nan ya ce bakwai, kowannensu gaskiyarsa ya faɗa.

Iska ma tana da nata rabo. Can inda jirage ke tafiya akwai iskoki masu ƙarfi da ke kaɗawa ta fuska ɗaya na tsawon watanni. Da hunturu, a saman arewacin Afirka da Jaziratul Arab, daga yamma suke kaɗawa zuwa gabas, sai su tura mai tafiya Jidda su danne mai dawowa. Da damina kuwa, a saman yankinmu, wata ce ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, sai abin ya juya. Bambancin kan kai minti 20 ko 30.

Masu zuwa Umara da ke bi ta wata ƙasa, nasu lissafin daban ne. Wani abin sha'awa: daga Yamai zuwa Adis Ababa kusan kilomita 4,000 ne, daga Yamai zuwa Istanbul ma kusan 4,000, daidai da nisan Jidda. Ke nan mai yada zango a ɗayan biranen nan biyu ya riga ya yi tafiyar da ta isa kai shi Jidda, sannan ga ƙarin kusan kilomita 1,400 daga Adis Ababa, ko kusan 2,400 daga Istanbul, ban da zaman jira a filin jirgi. Tikitin da ya fi araha sau da yawa shi ne mai dogon zama. Ga matashi ba komai. Ga tsoho mai ciwon ƙafa ko ciwon suga, a auna sosai kafin a biya.

Agogo uku

Matafiyi a jirgi yana hulɗa da agogo uku ne a lokaci guda, kuma cakuɗa su shi ne tushen yawancin kurakurai.

Na farko shi ne tsawon zaman da zai yi a cikin jirgi, awa biyar da rabi a misalinmu. Na biyu shi ne agogon bango na ƙasashen biyu. Saudiyya tana gaban Nijar da awa biyu, haka take gaban Najeriya da Chadi da Kamaru, tana gaban Gana da awa uku. Lokutan da ake rubutawa a tikiti kowanne da agogon garinsa ne: tashi da agogon Yamai, sauka da agogon Jidda. Shi ya sa za ka ga an rubuta tashi ƙarfe 11:00, sauka 18:30, ka ɗauka awa bakwai da rabi ne, alhali biyar da rabi ne. A dawowa kuma ka ga tashi 14:00, sauka 17:30, ka ɗauka uku da rabi ne, alhali dai biyar da rabin ne.

Na uku shi ne rana, kuma shi kaɗai shari'a ta rataya lokutan sallah da azumi a kansa. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, wato minti huɗu a kowane digiri. Tsakanin Yamai da Makka akwai digiri 37 da rabi da ɗan ɗori, saboda haka rana tana riga yin zawali a Makka da awa biyu da rabi, ba biyu ba kamar yadda agogon bango ke nunawa. Wannan ne ya sa alhazanmu ke mamakin jin kiran Azahar a Harami tun wajen sha biyu da minti ashirin, alhali a Yamai sai ɗaya saura rana ke karkata.

Mai tafiya gabas rana yake tarya. A yankin da jirgin ke bi, ƙasa tana juyawa da gudun kusan kilomita 1,570 a awa. Idan ka ɗora gudun jirgi a kai, rana tana yi maka sauri ninki ɗaya da rabi. Lokacin sallar da ka saba yana da faɗin awa uku, sai ya tsuke ya koma biyu.

Sallar da ke faɗowa a sama

Mu ɗauki misali na watan Mayu, tunda a ƴan shekarun nan a nan ne jigilar maniyyata ke faɗowa. Jirgi ya tashi daga Yamai ƙarfe 11 na safe. Lokacin Azahar bai shiga ba, ba damar yin ta a ƙasa. Kafin a cika awa ɗaya da rabi a sama, rana ta yi zawali a inda jirgin yake. La'asar ta shigo a tsakiyar hamada. Jirgi ya sauka Jidda agogon hannun alhaji na nuna huɗu da rabi, ya ce a ransa da sauran lokaci, bari a fita a yi alwala a natse. Amma a Jidda ƙarfe shida da rabi ne, rana kuma za ta faɗi wajen bakwai saura. Kafin a buɗe ƙofa, a sauko da mutum ɗari uku ko huɗu, a hau mota zuwa zauren bincike, a bi layin fasfo, an kira Magariba. Azahar da La'asar duk sun fita, shi kuwa yana kallon agogonsa yana ganin hantsin La'asar ne.

Misali na biyu ya fi wannan tsanani. Jirgi ya tashi sha ɗaya na dare, zai sauka shida da rabi na safe agogon Jidda. A watan Mayu alfijir na ketowa a Jidda wajen huɗu da minti ashirin, rana ta fito wajen shida saura kwata. Ke nan lokacin Asuba gaba ɗayansa a sama zai shiga, a sama zai fita. Asuba kuma ba a haɗa ta da wata sallah. Tsakanin alfijir da fitowar rana, wanda a ƙasa ya kai awa ɗaya da minti ashirin, a jirgin da ya nufi gabas ba ya cika awa ɗaya. Kuma a daidai wannan lokaci ne yawancin mutane suke barci, an rufe tagogi, an kashe fitilu.

To mene ne abin yi? Ƙasaru ba ta da wuyar fahimta a nan: a mazhabar Imamu Malik nisan da ake ƙasaru a cikinsa barid huɗu ne, wato mil 48, sama da kilomita 80 kaɗan, jirgi kuwa yana cinye wannan cikin minti shida. Ana fara ta ne bayan an bar gine-ginen gari, tana yankewa idan mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka. Haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i, rangwame ne da ya tabbata ga matafiyi, kuma littattafan fiƙihunmu sun gina shi a kan tambaya guda: yaushe za ka sauka, kafin rana ta yi jaja-jaja ko bayan ta faɗi? Ba za ka iya amsa wannan tambaya da agogon Yamai ba. Dole ka san lokacin sauka da agogon can, ka san ƙarfe nawa rana ke faɗuwa a can, ka kuma ƙara aƙalla awa ɗaya ta fita daga jirgi da bincike. Idan lissafin ya nuna lokaci zai fita kafin ka sami wurin sallah a ƙasa, to a jirgi za ka yi ta.

Yadda ake yin ta a jirgi, malamai sun kiyasta shi ne da jirgin ruwa: wanda ya sami wurin tsayuwa ya fuskanci alƙibla ya yi ruku'u da sujada, shi ne wajibinsa. Wasu jiragen suna da ɗan wurin sallah a baya. Wanda bai samu ba, saboda cunkoso ko saboda an kunna alamar ɗaura bel, ya yi a zaune gwargwadon iko, ya sunkuya a sujada fiye da ruku'u. Kada a tare hanyar ma'aikata, kada a yi jayayya da su idan suka ce a zauna, don su ke da alhakin lafiyar kowa. A nan ne layin da muka ce a riƙe yake amfani: a hanya miƙaƙƙiya zuwa Jidda, alƙibla tana kusan inda hancin jirgi ya dosa, mai zaune a kujera ya riga ya fuskance ta. A jirgin Madina tana gaba ne da ɗan dama, tana ƙara komawa dama yayin da ake kusantar sauka, saboda Makka kudu take da Madina. Idan jirgi ya yi zagaye, a duba taswirar da ke allon bayan kujera ko a tambayi ma'aikata.

Alwala kuwa a yi ta kafin a hau. Makewayin jirgi ƙarami ne, ruwansa a ƙidaye yake, kuma jiƙa ƙasansa haɗari ne ga tsofaffi. Amma muna roƙon iyayenmu da ke ƙin shan ruwa tun daga gida don tsoron karyewar alwala ko tsoron shiga makewayin da ba su saba da shi ba, su bar wannan. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, ga zafin Hijaz na jira a ƙasa. A nuna musu yadda ake buɗe ƙofar da rufe ta tun a wurin bita, ya fi a ɗauke su a keken marasa lafiya a Jidda.

Mikati: kilomita 14 a minti ɗaya

Wannan shi ne inda lissafin nisa ya fi shiga cikin ibada. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya Zul-Hulaifa mikatin mutanen Madina, Juhfa na mutanen Sham, Ƙarnul Manazil na mutanen Najdu, Yalamlam na mutanen Yaman, kuma kowanne mikati ne ga duk wanda ya biyo ta kansa da nufin Hajji ko Umara ko da ba ɗan yankin ba ne. Da mutanen Iraƙi suka kawo kukan cewa Ƙarnu ta kauce wa hanyarsu, Sayyidina Umar ya umarce su su duba abin da ya yi daura da ita a kan hanyarsu, ya sanya musu Zatu Irƙin. Daga nan malamai suka ɗauko ƙa'idar cewa wanda bai bi ta kan mikati ba, ya yi harama idan ya zo daura da shi.

Mai zuwa Jidda a jirgi yana zuwa daura da mikati ne tun yana sama. Idan jirgin ya ɓullo ta arewa, ta Masar ko daga Istanbul, Juhfa ce a gabansa, kusa da garin Rabig, kusan kilomita 180 daga Makka. Idan ya ɓullo ta kudu, ta Habasha, Yalamlam ce. Ka ga ke nan rufe sararin Sudan bai tsaya ga ƙara awanni ba, yana iya canza mikatin da jirgi zai fara riska. Malamai sun yi saɓani a kan ko Jidda kanta mikati ce ga masu zuwa ta sama. Shehu Abdullahi bin Zaid Al Mahmud na Ƙatar yana cikin waɗanda suka tafi a kan haka. Amma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta tsaya a kan cewa mikatan da Sunna ta ambata sun hau kan mai wucewa ta kansu ko daura da su, a tudu ne, a ruwa ne ko a sama. Wasu malaman sun keɓe mai zuwa daga yamma sak, irin mutanen Sawakin, suka ce shi yana isa Jidda kafin ya yi daura da kowane mikati. Mu abin da muke ba jama'armu shawara shi ne a fita daga saɓani: a yi harama a sama, tunda maniyyaci ba shi ne ke riƙe da akalar jirgi ba, bai kuma san ta inda za a ɓullo da shi ba.

Ga inda matsalar take. Jirgi mai gudun kilomita 850 a awa yana cin kilomita 14 a kowane minti. Faɗin Bahar Maliya a daura da Jidda kusan kilomita 200 ne, wato kwata na awa. Matuƙi kan yi sanarwa kafin a iso mikati, amma da Larabci ko Ingilishi ko Faransanci, a lasifikar da ƙarar inji ke dannewa. Wanda ya jira sai ya ji sanarwa sannan ya tashi ya ciro harami daga jaka, ya bi layin makewayi bayan mutum ashirin, ya tuɓe ya ɗaura, minti goma sun tafi, kilomita 140 ke nan. Ƙari a kan haka, wannan lokacin shi ne lokacin da jirgi ya fara saukowa, an ce kowa ya zauna ya ɗaura bel, an rufe makewayi. Mun sha jin labarin wanda ma ya sa haraminsa a babbar jaka, tana can cikin cikin jirgi, ba zai gan ta ba sai a Jidda.

Hukuncin wanda ya wuce mikati babu harama alhali yana nufin Hajji ko Umara, a wurin Malikiyya, shi ne ya koma mikatin ya yi harama daga can, babu komai a kansa. Idan kuwa ya yi haramar bayan ya wuce, yanka ya hau kansa ko da ya koma daga baya. Komawa Rabig daga filin jirgin Jidda ba abu ne mai sauƙi ba ga wanda fasfonsa ke hannun jami'ai, motar ayarinsa kuma tana jira.

Maganin abin mai sauƙi ne, in an bambance tsakanin ɗaura mayafan harami da yin harama. Ɗaura zane biyu ba shi ne harama ba, niyya ce harama, tare da talbiyya. Saboda haka namiji ya yi wankansa ya ɗaura haraminsa tun a Yamai, ko a filin jirgin da ya yada zango na ƙarshe. Idan yana jin sanyin jirgi ya yafa bargo. Bai shiga hukuncin mai harama ba tukuna. Idan aka yi sanarwa, ko shugaban ayari ya ga saura kamar minti 40 zuwa 45 a sauka, sai a yi niyya a fara talbiyya kowa yana kujerarsa. Yin harama kafin mikati makaruhi ne a mazhabarmu amma ta ƙullu, wuce shi kuwa yanka ne, don haka idan an rasa tabbas gara a gabata da ƴan mintuna da a makara. Mace kayanta na sutura su ne haraminta, niyya kawai za ta yi. Mai haila ma tana yin harama a mikati kamar kowa, ɗawafi ne kaɗai za ta jinkirta. Asma'u ƴar Umais ta haihu a Zul-Hulaifa a Hajjin ban kwana, aka umarce ta ta yi wanka ta yi harama. Wannan mas'ala a riƙa faɗinta a fili a bitar mata, don kunya na sa wasu su wuce mikati shiru.

Duk wannan bai shafi wanda zai fara da Madina ba. Shi zai sauka da kayansa na gida, ko da ta Jidda aka biyo da shi, sai ranar da zai bar Madina ya yi harama a Zul-Hulaifa, wadda ake kira Abyar Ali, a bakin gari. To amma jadawalin jigila yakan canza, jirgin da aka ce na Madina ne a wayi gari an mai da shi Jidda. A tambayi hukumar COHO ko kamfanin da ya ɗauki nauyin tafiyar, a sake tambaya ranar tashi, kuma harami ya kasance a ƙaramar jakar hannu ko ma ina aka ce za a sauka.

A dawowa

Mai dawowa yamma rana yake bi a baya, yininsa ya yi tsawo. Jirgin da ya bar Jidda ƙarfe biyu na rana a watan Yuni zai sauka Yamai agogon alhaji na nuna bakwai da rabi na dare, alhali biyar da rabi ne na yamma, rana ba za ta faɗi ba sai bayan kusan awa biyu. Alƙibla kuma ta koma bayan jirgi. Masu Umarar Ramadan su ne wannan ya fi shafa. Matafiyi yana da rangwamen ajiye azumi ya rama. Wanda ya zaɓi ya yi, ba zai sha ruwa da agogon Makka ba, ba kuma da jadawalin garin da jirgi ke wucewa ta samansa ba. Daga tsayin kilomita 11 ana ci gaba da ganin rana kusan kwata na awa bayan ta ɓace wa mutanen da ke ƙasa, kuma muddin yana ganin ta, yininsa bai ƙare ba.

Masu shan magani a kan ƙa'ida, musamman masu allurar suga, su tambayi likita tun kafin tafiya yadda za su matsar da lokutansu da awa biyun nan, zuwa da dawowa. Masu tarbar alhazai kuma su tambayi lokacin sauka da agogon Nijar, su ƙara masa awa biyu na sauke kaya da ruwan Zamzam, kafin su ɗebo yara da tsofaffi su jera su a rana a bakin filin jirgi.